Wuyan Zalɓe

A Ƙofar Ruwa aka haife shi,
a rumfar Tasi'u mai walda:
bututun famfo kamu shida, boris ɗin babur,
sai gangar birkin wata tsohuwar Fijo
da muka rataya masa a gindi ta danne.
Tasi'u ya ce, "Ba garanti.
In ya faɗo wa amarya, ban san ka ba."

Yaran layinmu suka sa masa Zalɓe.
Ni ma na bi su.

Litinin zuwa Alhamis ina Fam Santa
ina sauya gilashin waya.
Juma'a da la'asar mu ɗaure shi kan adaidaita,
kansa na leƙen Titin Gidan Zu,
direba na mita, yana ƙara ɗari biyar.

Ban yi makarantar hoto ba.
Na dai gane in ido ya wuce tsayin gwaggwaro
biki yakan sake fuska:
ankon ƙawaye ya koma fadamar albasa,
liƙi na zuba kamar ganyen darbejiya,
ka ga wanda ya liƙa ɗaya ya sunkuya ya tsinci biyu,
ka ga gwaggon ango na ƙirga kujerun dangin amarya.
Zalɓe ba shi da baki.
Shi ya sa ake gayyatarsa.

Daren dinar Lubabatu
na ce wa ƙanena Nafi'u: riƙe gindi, kada ka saki.
Zan gangaro daga fitilun rufi a hankali
in dira kan lallen hannunta daidai yankan kek.
Sati biyu ina gwada gangarowar nan a tsakar gida,
bokiti ne amarya.

Sai wata sabuwar ɗari biyar ta faɗo kan silifas ɗinsa.
Ya saki.

Wuya ya yi lilo, ya bar amarya, ya bar wuƙa,
ya tsallake tebur goma sha ɗaya
ya tafi can ƙurya wajen kulolin abinci,
ya tsaya kan wata tsohuwa
ta tuɓe takalmi, tana ƙulle cinyar kaza a bakin mayafi,
tana rawa da kafaɗa guda.
Ta ɗago, ta ga idon gilashi a kanta,
ta washe haƙoranta biyu,
ta watsa masa daƙuwa.

Daƙiƙa tara.
Kafin in janyo shi an yanka, an tafa.
Ango ya zaftare mini dubu goma.
Na datse wurin, na jefa shi
jakar da na rubuta wa Shara a kwamfuta.
Kwana uku ko gaisuwar Nafi'u ban amsa ba.

Bayan Babbar Salla
Lubabatu ta zo shago da ƙafarta,
ba waya ta kawo gyara ba.
Ta ce, "Iya Tabawa ta rasu. A ɗakinta aka yaye ni.
Ba ta yarda da hoto,
ko na katin zaɓe sai da aka kai ruwa rana.
Na kalli faifan sau uku, babu ita.
Ko gefen zaninta ba ka kama ba?"

Na buɗe Shara.

A tsaye ta kalla, tsakanin caja da batura.
Ta ce a mayar. Na mayar.
Ta ce a mayar.
Duk sanda daƙuwar ta zo
sai ta yi dariya har ta dafa benci,
hawaye na ɗiga kan wayoyin mutane,
ni kuma na rasa inda zan ajiye idona.

Da dare na shafa wa Zalɓe baƙin mai a gaɓa.
Na sayo wa Nafi'u tsire mai yawan ƙuli.
Yana lasar yatsa ya ce,
"Ran Asabar ni zan riƙe gindin?"
Na ce riƙe.

Ban ƙarasa sauran ba.